Garantin Shekara Ɗaya a Kan Motar da Ta Haura Shekara Goma Sha Biyar

Wata ranar Asabar da hantsi ƙanena ya kira ni daga Abuja, yana tsaye a filin sayar da motoci, murna ta cika masa murya. Ya samu motar da ya yi shekara uku yana tara wa kuɗi, ƙirar Japan ta 2009, wadda aka sauke daga Amurka. An gama ciniki har an yi sallama, sai mai sayarwar ya zaro wata takarda ya ce idan ya ƙara wasu kuɗi za a ba shi garanti na shekara guda a kan inji da giya.

"Yaya, in ƙara ko in bari? Mutumin ya ce ko injin ya buga gaba ɗaya su za su sauya."

Na ce ya karanto mini takardar. Ya karanta shafin farko, wanda aka rubuta da manyan baƙaƙe, duk alkawari ne mai daɗin ji. Na ce ya juya bayanta. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce rubutun bayan ƙanana ne ƙwarai, sai ya fita rana zai iya gani. Da ya gama karantawa na ce masa ya mayar da kuɗinsa aljihu. Shawarar da na ba shi ita ce ra'ayina har yau, kuma ita zan ba duk wani ɗan Kebbi da ya tambaye ni: garantin da ake saye da kuɗi a kan tsohuwar mota ba namu ba ne, ba a rubuta shi da mu a rai ba.

Ga abin da ke bayan takardar. Dole ne duk juyen baƙin mai da za a yi wa motar a yi shi a garejin da kamfanin garantin ya amince da shi, a ajiye rasit. Garejin mafi kusa yana Abuja. Ƙanena yana zaune a Birnin Kebbi, yana aiki a Jega, kuma daga nan zuwa Abuja tafiyar yini guda ce, ta Koko da Yawuri da Kontagora. Idan injin ya yi zafi har ya lalace, babu ruwansu. Idan aka gano matsalar tana nan tun kafin saye, babu ruwansu. Gurɓataccen mai, shiga ruwa, ɗaukar fasinja don kuɗi, sauya wani abu a jikin motar ba da izininsu ba, duk kowanne ya rushe yarjejeniya. Burki, kuloci, taya, batir, shokozoba, bol-joyin da duk abin da ke cinyewa da aiki ba su cikin lissafi. Akwai kuma iyakar kuɗin da za su biya komai girman ɓarnar, sannan janyo motar zuwa garejinsu a kan mai ita yake.

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota a wannan yanki ya san cewa abubuwan da aka cire ɗin nan su ne ainihin ciwon motocinmu.

Ya kamata mu fara fahimtar mene ne garanti a wurin waɗanda suka ƙera motar. A Amurka, inda yawancin motocinmu ke fitowa, Toyota da Honda suna ba sabuwar mota garantin shekara 3 ko mil 36,000, wanda ya riga zuwa, sai na inji da giya shekara 5 ko mil 60,000. Mutanen da suka zana injin, suka san kowane kusa da ke cikinsa, a nan suka ja layi. Ko lokacin da aka yi ta ƙorafi a kan wasu Camry na 2007 zuwa 2009 masu silinda huɗu saboda shan baƙin mai, kamfanin Toyota ya ƙara wa'adin gyaran wannan matsalar, amma ya tsaya a shekara 10 ko mil 150,000. Motar da muke saye yau a matsayin "sabuwar shigowa" ta wuce duk waɗannan iyakoki tun tana can. To idan mai ƙera ta ya janye hannunsa, wani kuma ya zo ya ce shi zai tsaya mata, sai mu tambayi kanmu da me ya dogara. Ya dogara ne da rubutun bayan takarda.

Ba ina cewa masu sayar da irin wannan garanti ɓarayi ba ne. Kasuwanci suke yi, kuma lissafinsa a fili yake. Dole abin da suke karɓa daga hannun jama'a ya fi abin da suke kashewa a gyara, in ba haka ba su rufe shago. A cikin kuɗin da ka bayar akwai la'adar wanda ya tallata maka, akwai albashin ma'aikata da hayar ofis, akwai riba, sai ragowar ce ke jiran ranar da motarka za ta lalace. Sabuwar mota ba ta cika lalacewa ba, don haka za a iya tsaya mata da kuɗi kaɗan. Tsohuwa kuwa kowa ya san za ta nemi gyara, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Saboda haka hanya biyu ce kawai ta rage wa kamfani: ko ya tsuga kuɗi, ko ya tsuke alkawari. Galibi duka biyun yake yi.

Sai kuma yanayin da motar za ta rayu a cikinsa. A watan Maris da Afrilu zafin Birnin Kebbi yakan haura digiri 40. Motar da ta yi rayuwarta a garin da dusar ƙanƙara ke zuba, ranar farko da ta shiga gareji a nan, da wuya bakanike bai ba da shawarar a cire mata tamostat a haɗa fanka kai tsaye ba. Ruwan rijiya ko na leda ake zuba wa lagireto maimakon ruwan sanyaya inji mai launi. Injin da aka rubuta masa siririn mai, 5W-20 ko 5W-30, a murfinsa, sai a ɗura masa 20W-50 saboda "ƙasarmu da zafi". Ni ban yarda da yawancin waɗannan dabaru ba, na sha yin gardama da bakanikena a kansu, amma haka ake yi a kusan kowane gareji daga Argungu har Zuru. Kowace ɗaya daga cikinsu kuma ta ishi kamfanin garanti hujjar ƙin biya. Wanda ya mayar da motarsa mai amfani da iskar gas saboda tsadar fetur, shi ma ya sauya abin da aka ce kada ya taɓa.

Man da muke sha ma ba mu da iko a kansa. A watan Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol ƙasar nan, har hukumomi suka fito suka amsa, aka yi ta dogon layi a gidajen mai, masu motoci da dama suka koka da lalacewar injuna. Wannan babba ce da kowa ya ji. Ƙananan da ba a ji, na man bumburutu da ake saye a galan a bakin hanya idan dare ya yi wa mutum tsakanin Bunza da Kamba, kullum ne. Famfon mai ya mutu, ka kai ƙara, a ce gurɓataccen mai ka sha. Da me za ka kare kanka?

Rasit ɗin da ake nema kuwa, bakanikena ya fi shekara ashirin yana aiki a ƙarƙashin inuwar darbejiya, kuma da kunne yake gane ciwon inji tun mota ba ta gama tsayawa ba. Ban taɓa ganin littafin rasit a hannunsa ba. Da na ba shi labarin takardar ƙanena, sai ya goge hannu da tsumma ya ce, "Malam, in motag ga ta tsaya mai a Kalgo da tsakad dare, takarda za ya kira ko ni?" Wannan tambayar ta fi duk bayanina.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma ba zan yi kamar ban san ta ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, sannan aka saki naira a watan Yunin shekarar, komai na mota ya tashi. Dala ta bar wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a cikin 2024. Kayan gyara daga Ladipo ta Legas, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, duk dala suke bi. Malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da injinsa ya buga yau, yana iya jingine motar shekara guda. Mun ga irinsu a ƙofar gidaje, tayoyi sun sace, awaki na kwana a ƙarƙashi. Mutumin da ya ga haka ya ce gara ya biya wani abu yanzu ya samu kwanciyar hankali, ba wauta ya yi ba. Tsoronsa na gaskiya ne.

Sai dai tashin farashin nan da ke tsorata shi, shi ne kuma ke cinye garantin. Iyakar kuɗin da kamfani zai biya an rubuta ta ne da naira a ranar da aka sa hannu. Bayan wata tara, idan kuɗin inji ya ƙaru, lambar da ke takarda ba ta motsa ba, cikon a kanka yake. Ka haɗa da kuɗin janwe daga Kebbi zuwa Abuja, da kwanakin da za ka yi a can kana jiran su duba su yanke hukunci, da masauki, da aikin da ka bari. Sau da yawa za ka tarar da ka sayi injin Beljiyam ka ba bakanikenka ya ɗora a gida da ka fi samun sauƙi. Na yarda cewa kuɗin da aka ajiye a asusu su ma suna zagwanyewa da hauhawar farashi. Maganin wannan shi ne kada a bar su zaune: a sayi abin da aka san zai nema tun bai nema ba, a sauya lagireto da ya fara tsatsa, da fanbel, da robobin ƙafa, a zuba mai na ƙwarai a kan lokaci.

Ban ce babu wanda garanti zai amfana ba. Wanda ya sayi mota mai shekara uku ko huɗu daga wakilin kamfanin da ya ƙera ta, yana zaune a Abuja ko Legas inda garejin yake bayan gidansa, musamman idan motar Turai ce mai yawan na'urori wadda ƙaramin gyaranta ke cin albashin wata biyu, lissafinsa daban ne. Mu nawa ne a Kebbi muke cikin wannan sahu?

Akwai kuma abin da ya shafi addini, wanda bai kamata Musulmi ya tsallake ba. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cinikin garari, wato cinikin da ba a san abin da za a samu ba. Bahaushe ya kira irinsa cinikin biri a sama. A kan wannan ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a Jidda a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, ta nuna hanyar taimakekeniya a madadinta. Malamai na bambanta garantin da ya zo tare da kaya a cikin farashinsu, da wanda ake saye daban da kuɗi na musamman, kuma da yawansu na ganin na biyun ya yi kama da inshora: ka biya tabbas, abin da za ka karɓa kuwa wataƙila. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, kowa ya koma ga malaminsa. Amma na lura cewa inda malamai suka yi tsaiko, nan ne ma lissafin aljihu ya yi tsaiko.

Abin da ya fi damuna a wannan magana yana gida, a kasuwar motocinmu. Mu garantinmu na baki ne. "Alhaji ɗauki kawai, in ta ba ka matsala ka dawo, ai mun zama ɗaya." Kwana goma giya ta fara fizga, ka koma, a ce lafiya lau ka fita da ita, wa ya san abin da ka yi mata. Dillalin da ya rantse maka ya karɓi la'adarsa ya yi gaba. Sai a tara dattawa, a yi ta ja, a ƙare da "a yi haƙuri, ƙaddara ce". Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda ya zuba kaurin mai a inji don ya ɓoye ƙara, ko ya cire ƙwan fitilar gargaɗi daga dashbod, ko ya mayar da lambar tafiya baya daga mil dubu ɗari biyu zuwa dubu tamanin, algus ya yi. Musulunci ya ba mai saye damar mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Dokar ƙasa ma, ta kare haƙƙin masu saye ta 2018 wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta tanadi cewa kayan da aka sayar maka su kasance masu inganci kuma su yi aikin da aka saye su dominsa. Wato tsaya wa mota na ɗan lokaci bayan sayarwa nauyi ne da ke kan mai sayarwa tun asali. Garantin kuɗi yakan ɗauki wannan nauyin ya sake sayar maka da shi.

Don haka abin da nake kira gare shi ƙarami ne, kuma ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Ƙungiyoyin masu sayar da motoci a Birnin Kebbi da Jega da Yawuri su amince da takarda guda, shafi ɗaya, da Hausa, boko ko ajami, wadda za ta ce mai sayarwa ya tsaya wa inji da giya na kwana talatin, a rubuta lambar jikin motar da abin da mita ta nuna, shaidu biyu su sa hannu, a kuma ambaci bakaniken da ɓangarorin biyu suka yarda ya yi hukunci idan an samu saɓani. Kwana talatin sun isa ɓoyayyen ciwo ya bayyana. Mai gaskiya ba zai yi asarar komai ba, kasuwarsa ma za ta ƙaru, domin mutane za su bi inda ake rubutawa.

Kuɗin da za a ba kamfanin garanti kuwa, akwai wuraren da suka fi cancanta da su, kuma na farko shi ne kafin a biya kuɗin motar. Ka ɗauki bakanikenka, ba na mai sayarwa ba, ka biya masa kuɗin mota da na yininsa ko da Kano ko Kaduna za a je. A tayar da injin da sassafe yana sanyi, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye hayaƙi da ƙara. A sa mata kwamfuta. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da wurin jona na'urar. Lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17 tana buɗe tarihinta a intanet da kuɗi kaɗan, ka ga ko ta taɓa haɗari, ko kamfanin inshora ya yi gwanjonta, da mil nawa aka rubuta mata a ƙarshe. Guguwar Harvey da ta afka wa birnin Houston na Amurka a 2017 ta nutsar da motoci dubbai ɗaruruwa, kuma motar da ta sha ruwa takan yi kyau a ido, wayoyinta ne ke ruɓewa a hankali. Ɗaga kafet ka shinshina, ka duba tsatsa a ƙarƙashin kujera.

Mu da ke kan iyaka muna da ƙarin abin dubawa. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma kowa a Kebbi ya san 'yan Kwatano ba su daina bin daji ba. Motar da takardun kwastan ɗinta na jabu ne za a iya ƙwace ta a hanya injinta na aiki lafiya ƙalau, kuma babu garantin da ke biyan wannan asarar. A tabbatar da jutin, wato harajin shigo da motar, a ofishin kwastan kafin a miƙa kuɗi. A kuma yanki inshorar da doka ta wajabta, wadda ta koma naira 15,000 daga Janairun 2023 kuma take ɗaukar ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3, a tabbatar ta gaske ce. Ga mai neman kauce wa shubuha, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar taimakekeniya ta Musulunci, masu lasisi a ƙasar nan.

Direbobin Golf da Sharon da ke jigila tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato, waɗanda motocinsu suka girmi wasu daga cikin yaran motarsu, babu kamfanin da zai karɓe su ko sun nema, tunda haya suke yi. Duk da haka motocin na kan hanya kullum. Da adashi suke yi, da ɗan abin da ake cirewa a ajiye bayan kowane lodi, da bashin mai kayan gyara da ya san fuskarsu. Idan ma'aikatan ofis guda ashirin masu tsofaffin motoci za su riƙa zuba wani abu duk wata a asusu ɗaya, wanda injinsa ko giyarsa ta buga a ranta masa ba ruwa ya biya a hankali, sun samu abin da takardar Abuja ta yi musu alkawari, kuɗin kuma na nan a hannunsu idan shekara ta wuce lafiya.

Ƙanena bai sayi garantin ba. Ya nemi mai motar ya rubuta masa kwana talatin a kan inji da giya, mutumin ya ƙi, aka yi ta ja har suka tsaya a kwana goma sha huɗu, ya sa hannu. Kwanakin suka wuce ba abin da ya faru. A wata na biyar, ana tsakiyar zafin bazara, lagireto ya tsage masa a hanyar Jega, ya ga allurar zafi ta tashi ya kashe motar nan take. Bayan sallah kuma ƙafar gaba ta fara ƙara, aka sauya bol-joyin biyu. Na sake karɓar hoton takardar garantin da ya turo mini a waya na duba, babu ko ɗaya a cikin gyaran biyu da za su biya. Daga kuɗin da ya mayar aljihu ran nan ya yi su, kuma bakanikena ne ya je ya same shi a bakin titi da yaransa biyu a kan babur.